Babi na Shida: Giya ta Biyar a Hanyar Badagishiri

A babin da ya wuce mun tsaya a kan injin, muka ga yadda tsohuwar Fijo take kwashe shekaru tana aiki da fistin da ringin da ba a ƙasarsu aka haife ta ba. Yanzu sai mu ja baya kaɗan, ƙarƙashin ƙafar direba, inda giyabos yake, wato buwat a bakin makanikan Adar.

Injin mota ba ya aiki sai da gudu. Ko motar tana tsaye yana juyawa sau 700 ko 800 a minti, in an taka totur ya haura 3,000. Taya kuwa ba ta bukatar wannan gaggawa: tayar da kewayenta ya kai mita biyu, a gudun kilomita 90 a awa juyinta bai wuce 750 a minti ba. Giyabos da aksil ɗin baya su ne masu shiga tsakani. A lamba ɗaya injin ya yi ta juyi taya na tafiyar hawainiya, amma da ƙarfin da zai ciro mota daga rairayi. Ana hawa lamba ƙarfin na raguwa, gudun na ƙaruwa. A yawancin motocin da ƙafafun baya ke turawa, in an kai lamba huɗu sai a ƙulle sandar da ta shigo daga injin da wadda ta fita zuwa farfela su zama abu ɗaya: injin ya juya sau ɗaya, farfela ta juya sau ɗaya. Nan tsofaffin motoci suka tsaya. Giya ta biyar ita ce ta wuce nan, ta sa farfela ta fi injin gudu, domin injin ya sarara a kan miƙaƙƙiyar hanya.

Miƙaƙƙiyar hanya kuwa akwai ta a Badagishiri, amma guda ɗaya ce. Ita ce kwaltar da ta rabu da babban titin Yamai zuwa Damagaram a Tsarnawa, gabas da Birnin Ƙonni kaɗan, ta yi arewa ta ratsa garin ta nufi Tawa, wadda ke gaba da kimanin kilomita 50. Daga Tawa kuma hanyar yuraniyom ta ɗauka zuwa Agadas da Arlit. Sauran hanyoyin da ke shigowa garin daga ƙauyukan kwarin da kan duwatsu burji ne, da fako, da kori mai cinye taya. Ran Alhamis, ranar kasuwa, duk suna cika. Tun kafin hantsi ake sauke tumaki da awaki da shanu, ga buhunan gero da wake da albasa. Hiace da Hilux da babura da masu ƙafa uku sun ci yawancin aikin yanzu, amma in ka zagaya wajen da ake lodi ba za ka rasa tsohuwar bashe ba, 404 ko 504, bayanta ya zauna, an ƙara mata ganyen sifirin, tana jiran a gama ɗaure kaya.

Ta ƙofa biyu waɗannan motoci suka shigo Adar. Ta kudu, kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma bai daina yin 504 ba sai tsakiyar shekarun 2000, alhali a Faransa an daina yin salon ɗinta tun 1983. Daga Kaduna zuwa Sakkwato zuwa Illela ta Najeriya zuwa Ƙonni ba wata tafiya ba ce, ga mota ga kayan gyaranta. Ta arewa kuma, a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar 504 da araha a Faransa ko Jamus, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su keta Sahara ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, su sayar da ita a Agadas ko Tawa ko Yamai su sayi tikitin jirgin komawa gida. Duk wadda ta wuce Tawa ba a saye ta ba, ta Badagishiri ta bi. Tawayen arewa da yaƙin cikin gida na Aljeriya a farkon shekarun 1990 ne suka toshe wannan ƙofa.

404 ta fito a 1960, 504 a 1968, kuma duka biyun da giya huɗu aka san su. Ba rowa kamfanin ya yi ba. A lokacin mai yana da araha, manyan titunan gudu na Faransa ba su yi yawa ba, kuma giyabos mai huɗu ya fi sauƙin ƙira, ya fi juriya. Da shi 404 ta ci gasar Safari ta Afirka ta Gabas sau huɗu a shekarun 1960, 504 ma ta ci a 1975. Tashin farashin mai na 1973 ne ya sa kamfanoni suka fara ƙidaya kowane ɗigo, giya ta biyar ta sauko daga motocin tsere da na masu hali ta shiga motar kowa. Da 505 ta fito a 1979 sai ga ta da samfurori masu biyar, wasu 504 na baya-baya ma aka sa musu.

Abin da ya faru da Turai a 1973 shi ya faru da direban Adar bayan shekara hamsin. Shekara da shekaru tashar mansa ba ta da famfo: kwalba ce da jarka a bakin titi, man 'yan ruwa-ruwa da ake tsallakowa da shi daga Najeriya, inda gwamnati ke biyan tallafi a lokacin. Ko bayan da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, man kwalba ya ci gaba da kayar da na famfo a duk garuruwan da ke kusa da iyaka. Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Yamai, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Gwamnatin Nijar ta rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499 a 2024, amma a watan Maris na 2025 sai da aka yi dogayen layuka a gidajen mai. Mutumin da bai taɓa damuwa da kukan injinsa ba ya fara sauraronsa da kunnen mai biyan kuɗi.

Hirar gareji takan fara ne da irin wannan:

"Maigida, motag ga in ta hau gudron sai kuka, ga shan mai. An ce in sa mata buwat mai biyar."

Makaniken kirki ba ya saurin cewa to. Sai ya goge hannu, ya dubi bayan motar.

"Alhaji, mi kaka ɗauka da ita? In albasa ta, bar ta da huɗunta."

Za mu dawo kan dalilin wannan amsa. Da farko ya kamata a san cewa ba a Adar aka fara wannan dabara ba. A Ingila akwai kamfanonin da ba su da sana'a sai sayar da kayan ɗora giyabos mai biyar na Ford Sierra, wanda ake kira Type 9, a kan tsofaffin MG da Triumph da Morris Minor. A Amurka T5 na BorgWarner, da magadansa na kamfanin Tremec, sun shiga dubban Mustang da Camaro na shekarun 1960. Can sai ka yi oda a kawo maka akwati har gida, komai an auna an yanke, har da notuna da takardar bayani. Gardamarsu ma daban ce: wasu na cewa an ɓata asalin mota, darajarta ta faɗi a wajen gwanjo, wasu na cewa motar da ba a iya tafiya mai nisa da ita ado ce kawai. Motar Lahadi ake yi wa wannan gardama. Waɗanda suka fi kama da mu su ne direbobin Habana ta Kyuba, masu jigilar fasinja da Chevrolet da Ford na shekarun 1950, waɗanda takunkumin Amurka ya raba da kayan gyara, suka cusa musu injin dizal da giyabos na Rasha da Japan da Koriya. Su ma ba don sha'awa suke yi ba, abincin gida ne.

To daga ina mai biyar ɗin zai fito? Nan mutane da yawa ke mamaki, don suna ganin motocin zamani sun cika gari. Amma kusan duk ƙananan motocin da suka shigo ta tashar ruwan Kwatano tun shekarun 1990, su Corolla da Carina da Golf da Starlet da 406, ƙafafun gaba ke jan su. Injinsu a gicciye yake, giyabos ɗinsu a gefensa, an haɗe shi da aksil cikin kwanso ɗaya, yana fitar da sanduna biyu hagu da dama. Ba shi da inda zai ba farfela ƙarfi zuwa baya. Komai kyansa, komai araharsa, ba zai shiga 504 ba. Saura kaɗan ke nan: 505, wadda ita ce salon ta ƙarshe da Fijo ta yi mai turi da baya, sai Hilux da Hiace, da L200 da L300 na Mitsubishi, da tsofaffin Marsandi irin 190. Ka ga ke nan abin da ake kira giyabos na zamani a garejin Ƙonni ya ba shekara talatin baya.

Ana samunsa a Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da Ladipo ta Legas in mutum yana da ɗan'uwa can, ko kuma a jikin wata 505 da ta yi hatsari tana kwance bayan wani gida a Tawa. Wanda ya san kan abin ba ya biyan kuɗi sai ya gwada da hannunsa. Zai sa a ɗora giyabos a kan tsohuwar taya, ya ɗauko alli ya yi alama a sandar gaba da ta baya, ya sa lamba biyar, ya riƙa juya ta gaba yana ƙirga. In ta gaba ta yi goma, ta baya ya kamata ta kusa sha biyu. Sannan ya bi sauran lambobin ɗaya bayan ɗaya har ribas, yana jin ko akwai inda ke kamawa ko ke ƙara. Ya girgiza sandar gaba ya ji ko boris ya saki. Daga ƙarshe ya kwance notin zubar da mai ya duba bakinsa: laushin garin ƙarfe ba komai ba ne, tsufa ne, amma in ya ga ɓarɓashi mai kaifi ko ƙyallin jan ƙarfe da yawa, haƙori ya karye ko zoben sinkoro ya cinye. Mai kaya zai rantse cewa daga Beljiyam aka sauke shi jiya. Notin ya fi shi gaskiya.

Aikin kansa ba a ganin wahalarsa sai an sauke tsohon an ajiye shi kusa da sabon a ƙarƙashin dogon yaro. Abu na farko shi ne baki, wato kwandon da ya rufe kuloci ya haɗa giyabos da injin. In na 505 ne za a ɗora wa injin ɗin 504, gida ɗaya ne, sau da yawa ramukan notin sukan hau juna, sai dai a kula: injin fetur na Fijo a kishingiɗe yake, na dizal kuwa ya fi miƙewa, don haka kwandon wannan ba ya zama a na wancan. In kuwa na Toyota ne za a aura wa injin Fijo, sai an yi faranti. Maigida zai ɗauko kwali ya manna a bayan injin, ya bi gefe-gefe da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa har siffar ta fito da ramukanta, ya yi haka a bakin giyabos, sannan a kai wa mai walda da mai injin feƙe ƙarfe su fitar da ita a farantin ƙarfe mai kauri.

Kwalin nan shi ne inda ayyuka da yawa ke mutuwa tun ba a haife su ba. Ramukan noti suna yafe kuskure, tsakiya ba ta yafewa. Sandar gaba ta giyabos dole ta shiga cibiyar karanshaf daidai, ta zauna cikin ɗan ƙaramin boris ko bushin da ke can. Masu ƙera waɗannan kaya ba sa yarda kaucewar ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita. In ta wuce, motar za ta tashi, za ta yi tafiya, Alhaji zai biya kuɗi yana murna. Bayan wata biyu sai giya ta fara fita da kanta a kan hanya, kuloci ya fara rawa, boris ɗin gaba ya fara kuka, a ce ai giyabos ɗin ne ba shi da kyau. Makaniken da ya san darajar sunansa yakan sa a feƙe zobe na tsakiya wanda zai zaunar da farantin a gurbinsa, ba ya dogara da notuna su yi masa saiti.

Sai kuloci. Faifansa bawan iyayengiji biyu ne: haƙoran tsakiyarsa dole su dace da sandar giyabos, faɗinsa kuma ya dace da fulawil da murfin da ke jikin injin. Wani lokaci akan dace da faifan wata mota da ya cika duka biyun. In ba a dace ba sai a cire cibiyar wannan a dasa a jikin wancan da kusoshin rifit, aikin da masu gyaran kuloci na Kano da Maraɗi suka gwanance a kai. Kulocin 504 da mai yake aiki, don haka sai an tabbata tafiyar ɗan famfon ƙasa ta isa ta saki faifan gaba ɗaya. In ta gaza, lamba ɗaya da ribas za su riƙa shiga da gurnani, in ta yi yawa kuloci ya riƙa sulɓi a kan hawa.

Bayan giyabos kuma akwai abin da ya bambanta Fijo da sauran motoci. A salon da familiyal, farfela ba a fili take ba, tana cikin wani dogon bututun ƙarfe da ya taso daga wutsiyar giyabos ya je ya kama aksil. Bututun nan ba murfi ba ne kawai, yana cikin abin da ke riƙe ƙafafun baya a gurbinsu, kuma yana cikin sirrin lafiyar 504 a kan burji. Mai biyar yakan fi mai huɗu tsawo, don giya ta biyar a wutsiya ake ƙara ta. Ke nan sai an rage bututun da sandar cikinsa daidai da abin da ya ƙaru. Wanda ya yi sa'a ya samo giyabos tare da bututunsa daga mota ɗaya ya huta. Wanda bai samu ba sai yanka da walda, kuma sandar da aka yanke aka haɗa da ido, ba a ɗora ta a injin an daidaita nauyinta ba, ba ta nuna halinta sai an wuce kilomita 70: madubi ya fara rawa, ƙasan mota ya ɗauki kaɗawa, notuna su riƙa kwancewa da kansu. An sa giya ta biyar don a yi gudu cikin natsuwa, an ƙare da motar da ba ta gudu sai da makyarkyata. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta a littafin kowane injiniya ba. 404 da 504 na farko da bashe da yawa, sandar giyarsu a jikin sitiyari take, ƙasan gaba fili ne fetal. Shi ya sa gaban motar ke ɗaukar direba da mutum biyu, ran kasuwa har da yaro a tsakani. Mai biyar a ƙasa sandarsa take fitowa. Sai an huda bodi, kuma hudar takan faɗo daidai inda fasinjan tsakiya ke sa ƙafafunsa. Daga ranar kujerar nan ta zama ta rigima: direba na neman lamba biyu yana bugun gwiwar dattijo, yana "yi haƙuri Baba, ɗan gyara ƙahwa", mace kuwa ba ta yarda ta zauna wurin ko kyauta ne. Mai motar haya da ya rasa kuɗin kujera ɗaya a kowane sawu tsakanin Badagishiri da Ƙonni, ya zauna ya lissafa ko man da ya rage ya kai wannan kuɗin.

Yanzu mu koma ga maganar albasa. A ɗauki misali da tayar nan mai kewayen mita biyu, da aksil ɗin da ke rage juyi sau 4.2. A kilomita 90, lamba huɗu, injin na juyi 3,150 a minti. In giya ta biyar 0.85 ce, wanda shi ne kusan abin da irin waɗannan giyabos ke da shi, juyin ya sauko wajen 2,680. Kuka ya ragu, zafi ya ragu, mai ya ɗan ragu, ana jin rediyo. Wannan shi ne abin da aka biya kuɗi dominsa, kuma gaskiya ne. Amma wace bashe ce ke yin 90 ran Alhamis? An yi ta ne don ta ɗauki wajen tan ɗaya, ana ɗora mata abin da ya fi haka nesa, buhun albasa ko siminti na Malbaza, bisa kaya kuma mutane. Gudunta 50 ne zuwa 60. A 60, lamba huɗu na ba da 2,100, lamba biyar 1,785. Injin fetur na Fijo mai lita biyu kuwa sai wajen 3,000 yake kai cikar ƙarfinsa. A 1,785 da kaya a baya, a ɗan hawan da ke fita daga kwarin, injin na shaƙewa ne. Direba ya danne totur har ƙasa, kafireta ta buɗe baki tana zuba mai, mota ba ta ƙara sauri, fistin na ƙwanƙwasa, allurar zafi na hawa. Ya sha man da ya fi na lamba huɗu, ya kuma ci boris ɗin karanshaf.

Giyabos ɗin ma yana ji a jikinsa. A lamba huɗu ƙarfi wucewa yake kai tsaye, haƙora ba sa ɗaukar nauyi. A lamba biyar sai ya sauka sandar ƙasa ta haƙora biyu, ya sake hawowa ta wasu biyu, kuma na biyar ɗin ƙanana ne, suna can wutsiya inda mai ya fi ƙaranci in ya yi ƙasa. Shi ya sa a motocin kaya giya ta biyar ce ke fara mutuwa. Duk wanda ya daɗe yana hawa Hiace a wannan hanya ya taɓa ganin direban da ya dafe sandar giya da hannu, ko ya ɗaure ta da roba, don kada ta tsalle ta fita.

A ganina, ga inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. Familiyal ko salon mai dogon zango a kwalta, Tawa zuwa Ƙonni, Ƙonni zuwa Madawa da Maraɗi, da fasinja ba da siminti ba, ta cancanci mai biyar, musamman in na 505 ne da ya zo da kayansa. Bashe mai gajeren aksil, wadda ke zuwa kasuwa da kaya ta dawo wayam, ita ma tana amfana, amma a dawowa kawai, kuma sai in direban yana da haƙurin da zai bar biyar ɗin ta huta in akwai lodi. Motar ƙauye da rabin rayuwarta a burji take, ba abin da za ta yi da ita. Kuma kafin kowa ya kashe jikkunansa a kan giyabos, ya fara duba kafireta da filogi da lokacin wuta da iskar taya. Tsohuwar kafireta da maƙogwaronta ya cinye tana zubar da man da giya goma ba za su mayar ba, gyaranta kuma bai kai kuɗin motar zuwa Kano ba.

Wani abin da ake yawan tuntuɓe a kansa shi ne mai. An saba duk abin da ake kira giyabos a ɗura masa baƙin man giya mai kauri, lamba 90 ko ma 140, wai ya fi riƙo a zafin Adar. Littafin Fijo kuwa man injin ya ce a zuba a giyabos ɗin 504 mai huɗu. Na Toyota man giya yake so, amma ba mai kaurin na aksil ɗin babbar mota ba. Mai in ya yi kauri, zoben sinkoro ba ya iya share shi ya kama, sai giya ta ƙi shiga da sanyin safiya a watan Janairu, direba ya yi ta dannawa da ƙarfi har ya cinye zoben. Duk wanda ya sauya giyabos, ya tambayi man motar da giyabos ɗin ya fito daga cikinta, ba na motar da ya shiga ba.

Saboda duk wannan wahala ta faranti da faifai, makanikai da yawa sun gwammace su ɗauko injin da giyabos tare daga mota ɗaya. Dizal ɗin Toyota na Hilux da Hiace, su 2L da 3L da 5L, da giyabos ɗinsa a manne, ba sai an yi saitin tsakiya ba, kamfani ya riga ya yi. Aiki ya koma na kujerun injin da lagireto da salansa da farfela. Kayan gyaransa kuma suna kowane shago daga Tawa har Sakkwato, abin da Fijo ta daina alfahari da shi tun da darajar sefa ta karye da rabi a Janairun 1994, kayan Faransa suka ninka kuɗi, daga baya kuma Kaduna ta daina yin 504. Sai dai dizal ba ya son juyi mai yawa kamar fetur, don haka a nan giya ta biyar ba ƙari ba ce, dole ce, in ba haka ba motar ba za ta wuce gudun babur ba sai da ihu. Yana da nauyi kuma, sai an ƙarfafa sifirin ɗin gaba, birkin ma a sake dubansa. Land Rover da tsofaffin Land Cruiser na masu zuwa Abalak da Cintabaradan sun bi wannan hanya tun tuni, amma nasu ya fi rikitarwa saboda akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, za mu zo kansu a babi na takwas.

Sauya giyabos kaɗai ba ya taɓa takardun mota. Sauya injin daga fetur zuwa dizal yana taɓawa, don katin mota ya faɗi irin man da take sha da ƙarfinta, kuma jandarman da ya ji ƙarar dizal ya karanta fetur a takarda ya samu abin magana. Agogon gudu kuma kusan kullum ƙarya yake komawa yi, don ɗan haƙorin da ke juya wayarsa an yanka shi ne daidai da aksil da tayar wata mota. Wasu giyabos ɗin ma ba su da ramin waya sam, na'urar lantarki ce a wurin. Yawancin direbobi ba su damu ba, agogon ya mutu tun zamanin mulkin Kunce. Wanda ya damu sai ya buɗe taswirar wayar salula a miƙaƙƙen wuri, ya ga abin da take nunawa, ya yi wa gilashin agogon alama da fenti a 60 da 80.

Tsohon mai huɗun da aka sauke kuma, yaran gareji za su so a ba su su kai wa masu sayen ƙarfe a kilo. Kada a ba su. A zuba masa mai, a toshe bakinsa da wutsiyarsa da leda, a ajiye shi tare da bututunsa da sandunan giyar sitiyari da duk notunansa a buhu ɗaya. Ba a ƙera sabonsa, kuma waɗanda suka rage a kasuwa kullum raguwa suke yi. Ranar da biyar ɗin ta watse a tsakiyar kakar albasa, iyaka a rufe ko kuɗin sabo bai samu ba, yini ɗaya ya isa a mayar da shi mota ta koma lodi.